Kundin Aiki: Sake Fasalin Sashen Jinyar Raunin Zuciya

Litinin, 6 ga Janairu

Yau aka buɗe wannan kundi. Mu huɗu ne a aikin: masana halayyar ɗan'adam biyu, ma'aikaciyar jinya, da mai karɓar baƙi. Likitan ƙwaƙwalwa yana leƙo mu rana ɗaya a mako. Cikin wata uku muna so mu gyara yadda ake karɓar mutanen da wani mummunan lamari ya bar wa tabo a zuciya, ko fyaɗe, ko haɗarin mota, ko duka a cikin gida, ko ganin kisa, sannan mu gudanar da rukuni na farko, wato zaman jinyar mutane da dama tare.

Ma'aunin da muka ɗauka shi ne takardar da hukumar SAMHSA ta Amurka, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da matsalar shaye-shaye, ta fitar a 2014. Abu huɗu take nema daga kowane wurin jinya: ya san yadda wannan rauni ya yaɗu cikin jama'a, ya iya gane alamominsa, ya sa wannan sani cikin tsarin aikinsa, kuma kada ya fama wa mutum ciwonsa. Na huɗun ne ya fi damun mu, domin shi ne laifin da ake yi da kyakkyawar niyya.

Abu ɗaya da za a riƙa tunatar da kowa: a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 70 cikin 100 na mutane suna gamuwa da mummunan lamari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ke kamuwa da ciwon firgici na bayan lamari, wanda ake kira PTSD. Yawancin mutane suna murmurewa da lokaci da taimakon na kusa da su. Ba duk wanda ya shigo ƙofarmu ne yake buƙatar doguwar jinya ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Mun bi hanyar da baƙo ke bi, daga ƙofar shiga har kujera. Abubuwan da muka gani ba su yi daɗi ba. Kujerar baƙo ta juya wa ƙofa baya, ga babban tebur tsakaninsa da mai jinya, kuma mai jinyar ne ke zaune tsakaninsa da hanyar fita. Wanda aka taɓa tsarewa a ɗaki ba zai sake jiki a haka ba, ko da an shekara ana yi masa magana mai laushi. Mun cire teburin, mun ajiye kujeru uku a karkace don kada a yi ido cikin ido dole, kuma baƙo ne zai zaɓi wadda zai zauna. Ba a sa wa ƙofa makulli. Ruwa da hankici na takarda suna inda hannunsa zai kai ba tare da ya roƙa ba.

A wurin jira an daina kiran suna haɗe da abin da ya kawo mutum. Aikin ya ci mana awa uku da labule ɗaya.

Talata, 14 ga Janairu

Matsala ta farko, kuma tamu ce. Tsohon fom ɗin karɓa yana nan ana raba shi, shafinsa na biyu kuwa yana cewa: "Bayyana abin da ya faru da kai dalla-dalla." Wata mata ta zauna ita kaɗai a wurin jira tana cikewa. Mai karɓar baƙi ta lura hannunta na rawa, numfashinta ya yi sama, kafin a kira ta ta ajiye biro ta fita. An kira ta a waya da yamma, an ba ta haƙuri, ta yarda za ta dawo.

Dalilin a fili yake. Tambayar ta buɗe ƙwaƙwalwar lamarin alhali babu kowa kusa, ba ta san wa zai karanta ba, ba a kuma faɗa mata cewa tana iya tsallakewa ba. An janye fom ɗin yau.

Sabon tsari: kafin kowace tambaya za a fara faɗin iyakar sirri, wato abin da aka faɗa yana nan tsakaninmu sai in ran mutum ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro. Daga nan mai jinya ya ce, "Ba sai kin gaya mini abin da ya faru yau ba. Abin da nake so in sani shi ne yadda yake damun ki yanzu." Sai tambayoyi biyar na gwajin farko na PTSD, wato PC-PTSD-5, amsarsu e ko a'a. Wanda alamu suka bayyana gare shi a yi masa PCL-5, ma'aunin tsananin alamomin, mai tambaya 20, kowace da maki 0 zuwa 4, jimla 80. Daga 31 zuwa 33 ne ake fara zargin ciwon. Sai PHQ-9 na ciwon damuwa, maki 0 zuwa 27. Tambayarsa ta tara a kan tunanin mutuwa ce, don haka ba a barin kowa ya tafi gida kafin mai jinya ya duba wannan layin da idonsa.

An kawo shawarar a ƙara tambayoyi goma na wahalhalun ƙuruciya, waɗanda suka samo asali daga binciken Vincent Felitti da Robert Anda da aka fara wallafawa a 1998, wanda ya ƙunshi mutum sama da 17,000. Mun ƙi. Binciken ya nuna alaƙar wahalar ƙuruciya da cututtukan girma a cikin taron jama'a, amma Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa makin bai dace da auna haɗarin mutum ɗaya ba. Wanda aka yi wa dukan da ya ji masa rauni sau ɗaya da wanda aka yi shekara goma ana azabtarwa duk suna iya samun maki ɗaya a layi guda.

Juma'a, 17 ga Janairu

An buga sababbin fom. Wanda ba ya karatu, mai jinya zai karanta masa a ɗaki, da hoton kofuna biyar daga wanda babu komai zuwa cikakke a madadin lambobi.

Laraba, 22 ga Janairu

Horon ma'aikata, awa huɗu, har da mai gadi da mai shara. Mun tsaya a kan abin da Daniel Siegel ya bayyana a 1999, wanda mu muke kira iyakar jurewa: faɗin da mutum ke iya jin zafi a ciki kuma ya ci gaba da tunani. Ana fita daga cikinta ta hanya biyu. Ta sama kowa na gane ta: bugun zuciya, gumi, fushi, neman hanyar gudu. Ta ƙasa ita ce ke ɓoyewa. Mutum ya yi shiru, ido ya kafe wuri ɗaya, murya ta koma siririya, ya ce jikinsa kamar ba nasa ba. Sabon ma'aikaci sai ya ɗauka an natsu ne ya ci gaba da tambaya, alhali mutumin ya riga ya bar ɗakin da hankalinsa.

Maganin biyun ba ɗaya ba ne. Na sama ana rage masa gudu da doguwar fitar da numfashi. Na ƙasa ana tashinsa: a kira sunansa, a faɗi ranar yau da inda ake, ya miƙe tsaye, ya danna ƙafa a ƙasa, ya riƙe abu mai sanyi. Ba a taɓa jikin kowa sai da izini.

An kuma ja kunne a kan tara mutane kwana ɗaya ko biyu bayan bala'i a ce kowa ya amayar da abin da ya gani. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, a jagorarta ta 2018 ta hana wannan. Abin da ya dace a kwanakin farko shi ne taimakon gaggawa irin na jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011: duba, saurara, haɗa mutum da abin da yake buƙata.

Litinin, 27 ga Janairu

An gama tantance mutum goma sha huɗu, takwas za su shiga rukuni. Biyu ba su da alamun ciwon, an yi musu bayani an ba su ranar dawowa bayan wata ɗaya. Ɗaya an tura shi wurin likita saboda yana jin muryoyi. Ɗaya yana shan barasa kullum, kuma yanke ta farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya, don haka likita ne zai fara. Ɗaya har yanzu tana zaune da wanda ke dukan ta. Tsoronta ba tsohon tabo ba ne, haɗari ne na yau, aikin farko shi ne tsaron lafiyarta.

Na ƙarshen ya amsa tambaya ta tara ta PHQ-9, wadda ke kan tunanin mutuwa, da cewa kusan kullum. An zauna da shi an rubuta tsarin kare kai irin na Barbara Stanley da Gregory Brown na 2012, mataki shida: alamomin da ke nuna guguwar ta taso, abin da zai yi shi kaɗai ya kawar da hankali, mutane da wuraren da ke ɗauke masa kewa, waɗanda zai nemi taimakonsu kai tsaye, lambobin ma'aikatan lafiya, da nisanta shi daga abin da zai iya cutar da kansa da shi. Mataki na shida ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne bai kamata a yi wa kunya ba. Ba mu sa kowa hannu a takardar alkawarin ba zai kashe kansa ba. Ba ta kare mutum, sai dai ta hana shi faɗin gaskiya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Zaman rukuni na farko, minti 90, masu jagoranci biyu. Minti 10 na buɗewa, 25 na darasi, 10 hutu, 30 na gwaji, 15 na rufewa. Doka uku: abin da aka ji a nan ya tsaya nan, kowa na iya cewa "a wuce ni", kuma ba a ba da labarin lamarin dalla-dalla a rukuni. Ana auna tashin hankali da ma'aunin Joseph Wolpe, amma mun rage shi daga 0 zuwa 100 ya koma 0 zuwa 10. Ya tafi lafiya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bai tafi lafiya ba. A lokacin gwaji mai jagoranci ya ce kowa ya rufe ido ya ja dogon numfashi ya riƙe. Cikin minti biyu mutum ɗaya ya miƙe yana haki ya nufi ƙofa, wata kuma ta daskare, an kira sunanta sau uku kafin ta juyo.

Kuskure uku ne a jimla ɗaya. Rufe ido a cikin baƙi yana cire wa mutum abin da yake tsare kansa da shi, kuma idan waje ya yi duhu hotunan ciki ne ke fitowa. Riƙe numfashi yana kama da shaƙewa ga wanda aka taɓa shaƙewa ko ya nutse a ruwa. Jan iska da ƙarfi akai-akai kuma yana rage iskar kabon a jini, sai jiri da tsikarin yatsu su biyo baya, waɗanda su ne ainihin alamomin firgici, sai mutum ya ɗauka abin ne ya dawo. Sama da duka, umarni aka bayar, ba zaɓi ba.

Mai jagoranci na biyu ya bi wanda ya fita, ya tsaya nesa kaɗan ba tare da ya tare masa hanya ba. An dawo da matar ta hanyar ƙirga: abu biyar da take gani, huɗu da take taɓawa, uku da take ji a kunne, biyu da take shaƙa, ɗaya da take ɗanɗana. Daga 9 ta sauko 5 cikin kamar minti goma. An faɗa wa rukunin a fili cewa kuskuren na masu jagoranci ne.

Gyara: ido a buɗe, a kalli wuri ɗaya a ƙasa in ana so. Numfashi ɗan daidai, a ja cikin daƙiƙa huɗu a fitar cikin shida, babu riƙewa, wato kusan sau shida a minti. Kowane gwaji zai fara da "in kana so". Wanda numfashi bai karɓe shi ba ya yi ta danna tafin ƙafa ko ya murza ƙwallon roba.

Talata, 18 ga Fabrairu

Bakwai sun zo, har da biyun na makon jiya. Darasi a kan abubuwan da ke tayar da tsohon miki: wari, sauti, wata rana a shekara. Kowa ya rubuta nasa a takardarsa, ba a karanta a fili ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Wani daga cikin mahalarta, wanda bai taɓa magana ba, ya buɗe baki ya fara ba da labarin haɗarinsa, har da abin da ya gani a jikin waɗanda suka mutu. Masu jagoranci sun yi nauyin baki, suna jin ba daidai ba ne a katse mutumin da ya yi mako uku yana shiru. Kusan minti huɗu ya yi. Kafin a ankara mutum biyu suna kuka, ɗaya ta toshe kunne.

Tausayin mutum ɗaya ya sa aka bar shida babu kariya, shi kansa bai amfana ba, domin ya koma gida a buɗe, ya ce daren bai runtsa ba. Mun rubuta jimlar katsewa mun haddace ta: "Dakata kaɗan. Abin da kake faɗa yana da nauyi, ya cancanci a ba shi lokacinsa, ni da kai. Yanzu gaya mana abin da kake ji a jikinka." Za a faɗe ta cikin daƙiƙa talatin na farko. An ba shi zama na shi kaɗai ranar Alhamis. An kira sauran shidan a waya washegari, abin da ya ci awa biyu da ba mu tsara ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Bitar ma'aikata. Ɗaya daga cikinmu ta fara mafarkin labarin ranar Talata. Lisa McCann da Laurie Anne Pearlman sun bayyana wannan tun 1990: raunin da ke naso daga mai labari zuwa mai sauraro. Duka mun cike ProQOL, ma'aunin yadda aikin jinya ke shafar ma'aikaci, mai tambaya 30. An tsayar da cewa ba wanda zai yi zaman lamari mai nauyi fiye da huɗu a rana, da minti 15 tsakanin kowane biyu. Bitar ta zama ta kowane mako, awa ɗaya.

Talata, 4 ga Maris

Darasin barci. Likita ya halarta saboda mutum uku suna shan ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam ba bisa ƙa'ida ba. Ya bayyana cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna kwantar da jiki na dare ɗaya amma ba sa warkar da ciwon, jiki yana sabawa da su, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013 ta hana ba da su don firgicin watan farko. Ba a daina su dare ɗaya, a hankali ake ragewa a hannun likita. Inda ake buƙatar magani, sertraline ko venlafaxine ne ake dubawa, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu.

Talata, 11 ga Maris

An sake auna kowa. Barci ya ɗan gyaru, fushi ya ragu, amma a tambayoyin dawowar lamarin a ido da gudun abin da ke tuna shi, kusan ba abin da ya motsa. Mutum ɗaya ne kawai makinsa na PCL-5 ya sauka da goma, wanda shi ne adadin da muka ɗauka a matsayin canji na gaske.

Mun daɗe a kan wannan. Judith Herman ta tsara warkewa mataki uku a 1992: aminci, sannan tunawa da makoki, sannan komawa cikin mutane. Mu mun zauna a na farko mun miƙe ƙafa. Bayan abin da ya faru ranar 11 da 25 ga Fabrairu, tsoro ya kama mu, har a zaman mutum ɗaya muka riƙa kauce wa lamarin. Alhali gudun tunawa shi ne abin da ke riƙe ciwon: duk ranar da mutum ya kauce, yana samun sauƙin awa ɗaya, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta samun damar koyon cewa abin ya wuce. Idan mai jinya ma ya taya shi gudu, ya tabbatar masa cewa tunawar ta fi ƙarfin kowa. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma mu tsayawa muka yi.

Akwai waɗanda ke buƙatar shiri mai tsawo, musamman masu nau'in ciwon mai sarƙaƙiya da kundin cututtuka na ICD-11 ya amince da shi, wanda ya fara aiki a 2022: ban da alamomin da aka sani, akwai kasa riƙe motsin rai, ganin kai ba a bakin komai ba, da wahalar zama da mutane. Biyu daga cikin mutum bakwai da ke zuwa rukuninmu suna nan. Sauran biyar sun shirya tun makonni biyu da suka wuce.

Juma'a, 14 ga Maris

An shirya takarda shafi ɗaya ta zaɓin hanyar jinya, a karanta wa kowa ya ɗauka da kansa. CPT ta Patricia Resick, zama 12, tana aiki a kan ma'anar da mutum ya ba lamarin, kuma ana iya yin ta ba tare da rubuta labarin ba. Hanyar Edna Foa, zama 8 zuwa 15 na minti 90, ana maimaita labarin ana naɗa a saurara a gida, ana kuma tunkarar wuraren da ake gudu daki-daki. Hanyar rubutu ta Denise Sloan da Brian Marx, zama biyar, rubutun minti 30 a kowane zama, babu aikin gida. Ga wanda lamuransa suka yi yawa akwai NET, wadda aka samar a Jami'ar Konstanz ta Jamus: ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwa, a aza dutse a kan kowane baƙin ciki, fure a kan kowane farin ciki, a bi su a jere. EMDR ta Francine Shapiro, wadda ake tuna lamarin ana motsa ido hagu da dama, tana cikin waɗanda aka amince da su, amma babu mai horonta a cikinmu, don haka sai turawa.

Uku sun zaɓi CPT, ɗaya rubutu, ɗaya ya ce a ba shi mako.

Alhamis, 20 ga Maris

Zama na biyu na CPT da mutum na farko. Ta kawo shafin da ta rubuta a kan dalilin da take ganin abin ya faru. An fitar da wurare biyar da tunani ya cije, babbansu: "Da ban fita a daren ba, da bai faru ba." Mai jinya ya yi saurin cewa ba laifinta ba ne, sai ta rufe baki. Ta ji wannan daga mutum ɗari, bai taɓa shiga ba. A bita mun maye gurbinsa da tambayoyi: Me kika sani a lokacin da kika fita? Sau nawa kika bi hanyar lafiya kafin ranar? Wa ya yi niyyar cutarwa? Da-na-sani ƙeya ce. Tana yanke wa kanta hukunci da ilimin da ba ta samu ba sai bayan faruwa. Amsar sai ta fito daga bakinta kafin ta zauna.

Talata, 25 ga Maris

Zaman rukuni na takwas, na ƙarshe. Shida sun halarta. Kowa ya tafi da kati mai ɗauke da dabaru uku da suka yi masa aiki da lambar sashen.

Talata, 1 ga Afrilu

Mai hanyar rubutu bai zo zamansa na uku ba. A waya ya ce mafarkai sun ƙaru, yana ganin jinyar ta ƙara masa ciwo. Ba mu gargaɗe shi yadda ya kamata ba cewa wasu suna jin alamomin sun ɗan tashi a farkon tunkarar lamarin kafin su sauka. An yi masa bayani, an nuna masa makin tashin hankalinsa na zama biyu, wanda ya sauka daga 9 zuwa 7 a ƙarshen na biyu. Zai zo ranar Alhamis. An ƙara wannan gargaɗi a takardar zaɓi, da manyan baƙaƙe.

Lissafin lokaci zuwa yau: rukunin ya ci awa 24 na ma'aikata biyu a cikin ɗaki, tantancewa awa 21, kiran waya da bin sawu kusan awa 15, wanda ko kaɗan ba mu sa shi a tsarin farko ba. Dole a ware masa rabin yini a mako.

Rukuni na biyu zai fara 22 ga Afrilu da zama huɗu maimakon takwas, kuma za a ba da takardar zaɓi tun a zama na biyu. Biyun masu ciwo mai sarƙaƙiya za su ci gaba da koyon riƙe motsin rai na mako shida, da ranar da aka tsayar tare da su ta fara aiki a kan lamarin. Za a riƙa cike PCL-5 a farkon kowane zama na mutum ɗaya. Ɗaya daga cikinmu zai nemi horon EMDR kafin ƙarshen Yuni. Matar da ke zaune da mai dukan ta har yanzu ba ta samu wurin komawa ba. Ma'aikaciyar jinya za ta sake ganin ta ranar Litinin, a lokacin da ita ta zaɓa.